Duniya Rumfar Kara: Idin Bukkoki a Majami'ar Yahudawa, da Abin da Ya Tuna Mini da Kafanchan

 Na daɗe ina son in ba ku wannan labari amma ina ta jinkiri, domin na san akwai waɗanda da zarar sun ga kalmar Yahudawa za su ɗaure fuska. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, sannan ya yanke hukuncinsa.

Yadda aka yi na je

A farkon watan Oktoba na 2019 ina zaune a gida a Mararraba, inda na koma da iyalina bayan rikicin 2011, sai ga waya daga wani da nake kira Yaya duk da cewa ba uwa ɗaya ba uba ɗaya muke ba. Ibo ne, a Kafanchan aka haife shi, kuma Hausarsa ta fi ta 'ya'yana daɗi. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifina kuwa ɗan kasuwar citta, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Lokacin kashe-kashen watannin Satumba da Oktoba na 1966, da za su gudu Gabas, mahaifinsa ya miƙa wa mahaifina mabuɗin gidansu. Mahaifina ya sa haya a gidan, yana tara kuɗin a cikin wata gwangwanin madara. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 suka dawo, mutum biyu sun ragu a cikinsu, aka miƙa musu mabuɗi da gwangwani. Tun daga nan zumunci bai yanke ba.

Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, kana da adda mai kaifi? Ranar Lahadi za mu kafa bukka a majami'armu, kuma yaran yanzu ba wanda ya iya ɗaure zana. Na tuna kai ne gwaninmu." Na yi dariya na ce, "Yaya, da girmana da furfurata za ka mayar da ni lebura?" Ya ce ai ba lebura ba ne, baƙo ne, kuma a wannan idin baƙo ya fi mai gida daraja.

Na san ya bar coci tun shekarun 1990, ya fara shiga cikin masu kiyaye Asabar, daga baya ya koma addinin Yahudanci ɗungurungum, amma ban taɓa taka wurin ibadarsu ba. Ni Musulmi ne, kuma na je na dawo da addinina yadda yake. Sai dai na shekara talatin ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Mene ne Idin Bukkoki?

Su da bakinsu Sukkot suke ce masa, wato jam'in sukka, wadda ke nufin bukka ko rumfa. Maƙwabtanmu Kirista da ke karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa sun san shi da sunan Idin Bukkoki, kuma umarninsa yana cikin babi na 23 na Littafin Firistoci da babi na 16 na Maimaitawar Shari'a. Yana farawa ranar 15 ga watansu na Tishri, kwana biyar bayan babban azuminsu na Yom Kippur, lokacin da wata ya cika, kuma kwana bakwai ake yi. A shekarar da na je ya kama daga Litinin 14 zuwa Lahadi 20 ga Oktoba, a cikin watan Safar na 1441, su kuma a lissafinsu shekara ta 5780.

Wani abu da ya kamata mu lura da shi shi ne, kalandarsu ta wata ce kamar tamu, to amma su suna ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19. Shi ya sa idin ba ya zagaya shekara kamar yadda azuminmu ke yi, kullum tsakanin ƙarshen Satumba da Oktoba yake faɗowa, lokacin da manoman ƙasar Kan'ana ke gama tattara inabi da ɓaure da zaitun. Ke nan bikin kaka ne. A zamanin da Haikalin Ƙudus yake tsaye, yana ɗaya daga cikin bukukuwa uku da ake yin tattaki zuwa can, tare da Idin Ƙetarewa da Idin Makonni. A cikin kwanakin bakwai ana yanka bijimai 70, a fara da 13 ranar farko ana rage ɗaya kullum, kuma malamansu sun ce adadin na al'ummomin duniya ne baki ɗaya. Da Rumawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70 Miladiyya, yanka ya tsaya, ibadar ta koma majami'u da tsakar gidaje.

Ma'ana ta biyu ita ce tunawa da shekara 40 da Banu Isra'ila suka yi suna yawo a jeji bayan Annabi Musa (AS) ya fito da su daga Masar. Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu, domin Suratul Ma'ida ta ambaci shekarun 40, Suratul Baƙara kuma ta ambaci girgijen da ya yi musu inuwa da abincin da aka saukar musu. Manyan malamansu na dā ma sun yi saɓani a kan haka: wani ya ce bukkokin da ake tunawa na gaske ne, wani ya ce girgijen ne ake nufi. Ko ma dai wanne ne, hukuncin shi ne mutum ya bar ɗakinsa mai rufin kwano, a daidai lokacin da rumbunsa ya cika, ya koma cikin bukka ya ci ya sha a can, in da hali ma ya kwana.

Ranar kafa bukka

Ranar Lahadi 13 ga wata na isa da hantsi. Majami'ar tana wata unguwa a bayan garin Abuja, irin unguwannin da sai ka bar mota ka hau acaɓa. Ɗaki ne guda na bulo wanda bai fi masallacin unguwa girma ba, da kujerun roba, maza gefe mata gefe. A bangon gaba akwai wani kabad da aka rufe da labule, a ciki suke ajiye Attaura, wadda aka rubuta da hannu a kan fata aka naɗe a jikin sanduna biyu. Ƙudus suke fuskanta in za su yi addu'a, kuma daga Abuja kusan gabas maso arewa ne, bai yi nisa da alƙiblarmu ba. Nan take na tuna cewa mu ma can muka fara fuskanta kafin a juyar da mu Ka'aba.

Na tarar da tsakar gidan cike. Samari sun kawo gora da gwangwala, wani ya ɗauko ganyen kwakwa cike da baro, mata suna wanke tukwane, yara suna zura lemo da ayaba da masara a igiya domin ado. Wani saurayi da bai wuce shekara 25 ba, wanda shi ne mai ja musu addu'a saboda ya fi kowa iya Ibrananci, shi ke kula da ƙa'ida. Ya yi mini bayani cewa bango na iya zama na komai, ko zana ko katako ko atamfa, muddin ya kai ɓangare uku. Rufin ne ke da sharaɗi. Dole ya zama abin da ya tsiro daga ƙasa kuma aka yanke shi, ba kwano ba, ba leda ba. Dole inuwa ta fi rana yawa a ciki, amma kada a cushe shi har a kasa hango taurari da dare. Kuma ba a kafa bukkar a ƙarƙashin itace ko baranda, sai a fili.

A nan ne muka yi ɗan saɓani. Ni da na saba baibayar ɗaki yadda ko ɗigo ba zai shiga ba, sai na fara jera ganye da kauri. Yaron ya zo ya rusuna ya ce, "Baba, a yi haƙuri a rage." Na ce, "Yaro, damina ba ta gama ɗaukewa ba, wannan rufin naku ai yoyo zai yi." Yaya ya amsa daga ƙasa ya ce, "Malam, ai yoyon ake so." Kowa ya kwashe da dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Da rana ta faɗi mata suka kunna kyandir, aka yi addu'a a ciki, sannan aka fito bukka. Mun kai mu arba'in. Aka yi addu'a a kan ƙoƙon ruwan inabi da burodi, ni aka ba ni lemon kwalba. Abincin shinkafa ce da doya da kifi. Yaya ya ce da yawansu kifi suka fi ci a irin wannan taro, domin samun naman da aka yanka bisa ƙa'idarsu yana da wuya, kuma ba sa haɗa nama da madara, ba sa kusantar alade. Ba a kai rabin cin abinci ba sai hadari ya taso. Da yayyafi ne ba wanda ya motsa, sai da ruwa ya fara zuba cikin kwanuka sannan dattijon wurin ya ba da izini aka kwashe zuwa ciki, domin shari'arsu ta ce in ruwa ya kai ga ɓata abinci an ɗauke wa mutum zaman bukka. Yara dai sun fi kowa jin daɗi.

Kafin ruwan, dattijon ya yi wata gayyata da Ibrananci yana kallon ƙofar bukka. Da na tambaya aka ce kowane dare suna gayyatar baƙo guda daga cikin magabata bakwai: Ibrahim, Ishaƙ, Yaƙub, Musa, Haruna, Yusuf da Dawud, dukkansu mutanen da suka taɓa barin gida suka ɗanɗana baƙunci. Daren farko na Annabi Ibrahim (AS) ne. Kuma malamansu sun ce wanda ya gayyaci waɗannan baƙi bai ciyar da mabuƙaci ba, gayyatarsa ba ta karɓu ba. Shi ya sa na ga an zuba abinci an miƙa wa mai gadin maƙwabta da wasu almajirai biyu da suka fake a bakin ƙofa.

Rana ta bakwai

Na sake komawa ranar Lahadi 20 ga wata da sassafe. A ranar na ga abin da suke kira tsirrai huɗu: tohon dabino guda wanda bai buɗe ba, rassa uku na wani ɗan tsiro mai ƙamshi, rassa biyu na wani itacen bakin rafi, da wani irin lemo babba mai kaurin ɓawo da suke kira etrog. Ana ɗaure ukun farko tare, a riƙe lemon a ɗaya hannun, a kaɗa su gabas da kudu da yamma da arewa da sama da ƙasa. Lemon ba ya cikin kasuwanninmu, daga waje ake aiko musu, kuma a shekarar ƙwaya ɗaya tak suka samu. Sai ga manyan mutane, da ɗan kasuwa da malamin makaranta da mai gyaran janareta, sanye da 'yan ƙananan huluna da mayafi mai geza, sun yi layi kowa yana jiran a miƙo masa. Daga nan suka zagaya teburin karatu sau bakwai suna roƙon ceto, a ƙarshe suka bubbuga rassan bakin rafin a ƙasa.

Washegari kuma, in ji Yaya, za su fara roƙon ruwan sama, domin a ƙasar da aka saukar da umarnin, damina tana farawa ne bayan idin. Na ce, "Yaya, ku dai roƙa wa can, mu nan masu dawa da citta so suke ya ɗauke." Ya ce shi ma ya taɓa yi wa malaminsu wannan tambaya. Bayan wannan sai ranar murnar sauke Attaura, inda suke karanta ƙarshenta su koma farko nan take, su ɗauko ta su yi ta zagaye da ita suna waƙa. Wannan ban halarta ba, amma da ya kwatanta mini sai na tuna walimar saukar karatu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda 'yan mutane kaɗan suke riƙe da junansu. Ba a yin wasu addu'o'in sai maza baligai sun kai goma, saboda haka duk wanda bai zo ba sai an aika an ji lafiyarsa. Suna da asusun taimakon marar lafiya da na binne mamaci. Yara suna koyon baƙaƙen Ibrananci guda 22, daga dama zuwa hagu kamar Larabci, wasu daga littafi wasu daga wayar hannu. Wallahi sai na ga kamar ina kallon ƙungiyar unguwarmu ta dā.

Yahudawa da ƙasar Hausa a tarihi

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa mu da su. Akwai abin da ya haɗa mu, kuma ba duka ne mai daɗin ji ba. A ƙarni na 15 akwai Yahudawa masu yawa a Tuwat, wasu garuruwan dabino a tsakiyar Sahara da ke kudancin Aljeriya a yau, a kan hanyar ayarin da ke zuwa Tambutu da Agadas da ƙasar Hausa. 'Yan kasuwa ne da maƙeran zinariya. Wani Bature ɗan kasuwa daga Jenowa mai suna Antonio Malfante ya rubuta wasiƙa daga can a 1447, ya ce suna zaune cikin rufin asiri a ƙarƙashin kariyar shugabannin wurin. Suna da majami'a a garin Tamantit.

Wanda ya jagoranci rushe wannan majami'a, wajen shekarar 1492, shi ne Shaihu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan. Ba duk malamai ne suka goyi bayansa ba. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, ya tsaya a kan cewa mutanen amana ne kuma ba a taɓa wurin ibadarsu, har sai da aka aika neman fatawa Fas da Tilimsan da Tunis, malamai suka rabu biyu. A ƙarshe aka rushe, aka kashe wasu, sauran suka watse. A wannan shekara ce kuma aka kori Yahudawa daga Andalus, bayan faɗuwar daular Musulmi ta ƙarshe a Garnada. Shi wannan al-Maghili shi ne ya zo Katsina da Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya rubuta masa littafin nan na wajiban sarakuna, sannan ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu, wanda ya hana Yahudawa shiga ƙasar Songhai. Ba a sake jin wata jama'arsu a Tambutu ba sai a shekarun 1860, lokacin da wani malaminsu daga Maroko, Mordekai Abi Serur, ya zauna can da danginsa suna fatauci. Marigayi Farfesa John Hunwick ya yi littafi guda a kan labarin Tuwat a 2006.

Na shekara da shekaru ina koya wa yara gudummawar al-Maghili ga shari'a da tsarin mulki a Kano, kuma gudummawa ce ta gaske, amma ban taɓa gaya musu labarin Tamantit ba, balle sunan alƙalin da ya ce a'a. Yanzu ina ganin da na faɗa musu duka biyun da ya fi amfani.

Su kuwa mutanen su Yaya ba zuriyar Tuwat ba ne. Akasarinsu Ibo ne da ke ganin al'adun kakanninsu, kamar kaciya a kwana na takwas da bikin sabuwar doya, suna kama da na Banu Isra'ila. Wannan tunani tsoho ne, domin Olaudah Equiano ya yi irin wannan kwatance a littafinsa na 1789. Bala'in yaƙin Biyafara ya ƙara masa ƙarfi, sannan zuwan intanet ya ba su damar koyon addu'o'i da Ibrananci. A Abuja an san majami'ar Gihon da ke Jikwoyi da ta Tikvat Israel da ke Kubwa. Masana tarihi da yawa ba su gamsu da batun asalin ba, kuma hukumomin Isra'ila ba su karɓe su a matsayin al'ummar da ke da haƙƙin komawa can ba. Wato a gida ana yi musu kallon baƙin addini, a can kuma ana yi musu kallon baƙin jini. Abin mamaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yin rubutu a kansu mai jin Hausa ne: Farfesa William Miles, Bayahuden Amurka da ya yi aikin sa-kai a Magarya ta Nijar a ƙarshen shekarun 1970, ya zauna a ƙauyukan 'Yardaji da Yekuwa, ya wallafa littafi kan rabuwar ƙasar Hausa tsakanin Nijeriya da Nijar a 1994, sannan ya fitar da na Yahudawan Nijeriya a 2013.

Na san zuciyar da yawa daga cikinmu tana Falasɗinu, musamman tun yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoban 2023, kuma tawa ma tana can. Amma mai gyaran janareta a bayan garin Abuja ba shi ya jefa bam ba. Mu da aka sha ƙona wa shaguna saboda laifin da wani ya yi a wani gari, ya kamata mu fi kowa sanin zafin a kama mutum da laifin sunansa.

Mu dawo gida

Ina zaune cikin bukkar nan ina kallon wata ta tsakanin ganye, Kafanchan kawai nake tunawa. Garin da muka sani jirgin ƙasa ne ya haife shi. Wajen 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza. Sai Ibo da Yarbawa da Hausawa da Nufawa da Tibi suka yi ta sauka. A shekarun 1930 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a nan daga Jama'a Sarari. Kafin duk wannan, mutanen Fantswam suna wurin, da maƙwabtansu Kagoro da Bajju da Kaninkon. Kakana ya sha faɗa mana cewa ɗakinsa na farko a bakin tasha rumfar zana ce, kuma wani manomi ɗan ƙasa ne ya ba shi karan da ya rufa ta.

Sunan Zangon Kataf kansa shaida ne. Zango wuri ne da fatake ke yada kaya su kwana su wuce, sai ya zama gari tun kafin zuwan Turawa. Haka zangunan Kumasi da Ankara suka samo asali daga fataucin goro, kuma a 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta kori baƙi, har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya. Mu mutanen zango ne, wannan ba abin kunya ba ne.

To amma kalmar baƙi ta zame mana wuƙa a wuya. A Maris na 1987 rikici ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. A Fabrairu da Mayu na 1992 aka yi na Zangon Kataf, wanda ya faro daga batun ɗauke kasuwa. A Mayun 1999 aka yi na naɗin sabon Sarkin Jama'a. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka ƙone kasuwar Kafanchan, aka yi asarar rayuka masu yawa a Zonkwa da ƙauyukan kewaye. Kowane ɓangare yana da kaburburansa. Ni kaina na ga ɗana, wanda kakan kakansa ke kwance a maƙabartar garin, yana ta kai-komo a kan takardar shaidar zama ɗan asali.

Ina nan a kan bakana cewa wanda aka haifa a wuri, ya biya haraji a wurin, ya binne iyayensa a wurin, ba baƙo ba ne a gaban doka, kuma ba za mu daina neman wannan haƙƙi ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Maƙwabtanmu ma suna da abin da suke tunawa: hare-haren kama bayi na ƙarni na 19, da harajin da Turawa suka riƙa karɓa ta hannun hakiman da aka ɗora musu ba da son ransu ba. Idan muka ce wannan duk ƙarya ne, to kada mu yi mamaki in su ma suka ce namu ƙarya ne.

Abin da na koya a bukkar su Yaya shi ne, ga mutanen da suka mayar da tunawa da baƙunci ibada, kuma suka zaɓi yin ta a lokacin da rumbu ya cika, lokacin da mutum ya fi saurin mantawa. Mu kuwa da zarar mun yi ginin siminti sai mu manta rumfar kakanninmu da wanda ya ba su kara. Ɗan ƙasa shi ma da zarar ya riƙe hatimi sai ya manta cewa nasa 'ya'yan suna baƙunci a Kaduna da Kano da Legas. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma su ne kuma suka ce duniya rumfar kara, kuma a ƙarƙashin wannan rumfa ban ga wanda ba raɓa ba.

Mu ma muna da lokutan kaka da za su iya haɗa mu. Ranar 1 ga Janairu ta kowace shekara Kagoro na bikin Afan, bayan an gama girbi, a gindin dutsen nan da muke hangowa daga tsakar gidajenmu. Muna yara har can muke zuwa kallo, iyayenmu mata kuma su kai ƙosai da waina su sayar, su dawo da acca. Da Sallar layya kuma sai an kai nama gidajen maƙwabta Kirista kafin mu ci namu. Yau yara nawa ne a unguwanninmu suka taɓa shiga gidan wani Bakagore ko Bajju suka sha ruwa? Shawarata ga ƙungiyoyinmu na ci gaban gari ita ce, a zauna da tsofaffin da suka rage a ɗauki labarinsu a rubuce: wa ya fara zuwa, a ina ya sauka, wa ya ba shi masauki. Sannan a nemi jikokin masu masaukin, a kai musu gaisuwa ko da da ƙwaryar goro ce.

Da zan tafi ranar ta bakwai, Yaya ya rako ni bakin titi. Na tambaye shi ko yana tunanin komawa Kafanchan wata rana. Ya ce gidan an sayar tun bayan 1999, amma tsohon mabuɗin yana wurinsa, ya kan rataye shi a bukka kowace shekara tare da lemo da masara, kuma ya kan gaya wa jikokinsa sunan wanda ya ajiye shi shekara huɗu. Na kasa cewa komai, na hau acaɓa na tafi. Bayan kwana uku ya kira ni ya ce sun kwance bukkar, zanar da na ɗaure sun naɗe sun ajiye don baɗi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya zaunar da Kudancin Kaduna da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amanar maƙwabtaka. Wanda ya ga kuskure a abin da na faɗa, musamman dattawanmu da suka ga wasu abubuwan da idonsu, ƙofa a buɗe take ya gyara mini.